Rasuwar Tilo, Mai Rabon Ruwan Fadamar Gazara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Maiwada na Gazara nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Makarfi da Ikara da Kudan, da duk wanda ya taɓa cin tumatirin fadamarmu, rasuwar Tilo, tsohon akwatin kwamfutar da ke raba mana ruwan noman rani. Ya rasu ranar kasuwar Makarfi, cikin zafin bazara, a ɗakin ajiyar taki na ƙungiyar manoma, bayan gajeriyar jinya. Ya rasu yana jirana. Zan zo kan wannan.

Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Baƙaƙen boko a jikin buhun taki da bayan motocin rake na tsince su. Amma in na ce da yatsana zan rubuta wannan sanarwa, sai an girbe dawa ban kai rabi ba. Saboda haka da baki nake faɗa, Ɗayyabu, abokina tun muna kiwon awaki, tsohon malamin firamare, yana rubutawa. Duk inda kuka ga kalmar da ta rage mini daraja, hannunsa ne.

Marigayin ya bar uwa ɗaya, Adama, 'yar autata, wadda ta yi karatun kwamfuta a Zariya, take aiki a Kaduna. Ɗayyabu ne ya rubuta sunan, ni ba na faɗa, don sunan mahaifiyata ta ci. Uwata nake kiranta. Kun ga ke nan ni da marigayi uwa ɗaya muke, ni ne wa, shi ne ƙane. Saboda shi take zuwa gida a kai a kai, ta share masa ƙura, ta leƙa cikinsa, ta kwana, mu yi hira. Tun yammacin ranar da ya rasu ba ta ƙara ɗaga wayata ba. Na faɗi wannan tun da wuri don wanda zai karanta a Kaduna ya san inda zai kai.

Ya kuma bar dogon ƙarfen waifai, mai kai masa saƙon wayoyi, da ke tsaye a kan rumbuna, yana ta kira babu mai amsawa. Ya bar sola, wadda ta shayar da shi tun zuwansa. Ya bar marayu, wato 'yan akwatunan da ke bakin famfon kowace gona, waɗanda ba su san buɗewa ko rufewa ba sai da umarninsa. Ya bar ɓera guda da ke jin ɗumi a bayansa. Shi dai har yanzu ba a gaya masa ba.

Ni mutum ne da mutuwa ta sha zuwa ta tarar ba na gida. Kububuwa ta sare ni a gonar rake, ita aka binne. Motar rake ta kife da mu a hanyar Zariya, na fito daga ƙarƙashinta da guntun rake a baki. Shekarar amai da gudawa an har auna mini likkafani, na tashi na ɗinka riga da shi. Ban yi kuka ba ko sau ɗaya. Amma da na ga hayaƙi na fita ta bayan Tilo, sai da na juya fuska ina cewa ƙura ce ta shiga mini ido, alhali babu ko iska.

Ga waɗanda ba su san asalinsa ba: rijiyar burtsatse ɗaya gare mu a fadama, gonaki kuwa da yawa. Kafin zuwan Tilo, ni ke raba ruwa da bakina. Ban taɓa zaluntar kowa ba, sai dai shi ruwa yana da wata ƙauna ta musamman ga gonata, ni kuma ba na raba masoya. An sha ɗaga fartanya a kan wannan. Uwata ce ta gaji da jin ƙarar ubanta, ta tsinto Tilo a wani shagon tsofaffin kaya a Zariya, har an jingine shi ana jiran masu sayen ƙarfe. Ta goyo shi a acaba, ta wanke shi, ta zauna tana rubuta masa tarbiyya har ta rame. Daga nan, duk mai son ruwa sai ya ɗauki wayarsa, ya rubuta lambar gonarsa, ya danna wani koren maɓalli da aka rubuta wa “Shi ke nan”. Tilo ya sa shi a layi. In lokacinsa ya yi, famfonsa ya buɗe, na wancan ya rufe.

Abin da ya sa aka sa masa suna Tilo kuwa, ma'aikaci ɗaya ne tak a cikinsa. Uwata ta ce manyan kwamfutocin birni, duk wanda ya yi sallama sai su ɗaukar masa yaro na musamman ya tsaya a kansa. Tilo ba shi da cikin da zai ciyar da yara. Sai ta koya masa aikin mai shayi. Kun san mai shayin tasha: mutum ɗaya, kofuna barkatai, wannan na son madara, wancan na son ƙwai, amma ba za ka taɓa ganinsa ya harɗe hannu yana kallon bakin mutum ɗaya ba. Kowace waya da kowane famfo yana da ƙofarsa a jikin Tilo. Ita tana kiransu soket, ni ƙofa na sani. Shi aikinsa zagaye: ya duba wace ƙofa aka ƙwanƙwasa, ya karɓi abin da aka kawo, ya wuce. Wadda ba a taɓa ba, bai tsaya mata ba. In duk an yi tsit, ya ɗan runtsa, fankarsa na cewa “firrrr”, har wani ya motsa.

Halayensa na gari ba sa lissafuwa. In ka kawo masa rabin magana, ba ya zubarwa, ba ya kuma tsayawa jiran sauran. Kowace ƙofa yana da 'yar ƙwarya a bayanta, sai ya zuba rabin nan a ciki ya tafi hidimar wasu, in ka kawo ragowar ya haɗa. In wayarka tsohuwa ce mai ƙaramin maƙogwaro, ba ya ɗura mata amsa gaba ɗaya, loma-loma yake ba ta, gwargwadon abin da za ta iya haɗiyewa. Bai san ɗan wane ba. Ba ya cin goro. Na gwada.

Ya yi ciwon yarinta kamar kowa. Da farko, in yana cikin ba mutum amsa mutumin ya kashe waya, sai ya faɗi sumamme. Zuciya gare shi, irin ta gidanmu. Uwata ta yi masa magani, ya koyi kawar da kai. Tun daga nan bai ƙara kwanciya ba. Da safe in an kunna shi ya ce “tit”, sau ɗaya, kamar dattijo na gyaran murya. In aiki ya yi yawa ka ji cikinsa na “ƙyas-ƙyas-ƙyas”. Iyakar maganarsa ke nan, kuma da wannan ya kashe rigimar da ni na kasa kashewa da bakin da ya fi na kowa a Gazara.

Aibinsa ɗaya ne: bai iya gaisuwa ba.

Yaran yanzu, mutum ya dangwala lamba ya danna kore, ko sallama babu, kamar mai jifan kare. Ni ba a haife ni haka ba. Ba na roƙon abu wurin kowa ban tambayi kwanansa ba. Sai in zauna in fara da yatsa ɗaya: salamu alaikum, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi. Ashe an koya wa Tilo cewa duk wanda ya buɗe ƙofa ya daɗe bai gama ba, a rufe, kada masu mantuwa su cika masa gida. Ina tsakiyar “ina gajiya”, ina neman inda harafin “j” ya ɓuya, sai waya ta rubuto: “An rufe. Sake gwadawa.”

A gaban Ɗayyabu aka yi. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

“Maiwada, yau ka gamu da wanda ya fi ka rashin kunya! Shekara nawa muna neman mai rufe maka baki, ashe a shagon gwangwan yake.”

“Kai dai rufe naka, tsohon malamin da ɗalibansa suka fi shi albashi.”

Da Uwata ta zo na kai ƙara. Garin ba ni haƙuri sai ta ƙara ɓata lamarin, don a nan na ji cewa ko lokacin da nake rubutun ma, ba ni kaɗai yake saurare ba. Ina ba shi harafi ɗaya, ya jefa a ƙwarya, ya tafi ya sallami wasu, ya dawo. Wato dattijo na magana, yaro na waige-waige.

Na ce, “Uwata, abu biyu nake so. Kada ya ƙara rufe mini ƙofa. Kuma in na fara magana, ya tsaya cak har in gama.”

Ta ce, “Baba, shi kaɗai ne fa a ciki. In ya tsaya a kanka, fadama gaba ɗaya ta tsaya.”

“To ta tsaya mana! Da can da nake rabo da bakina, wa ke motsi in ina magana?”

“Shi ya sa ai aka sha ɗaga maka fartanya.”

“Au, ke ma kin koma bayan Ɗayyabu?”

“Baba, don Allah ka bar gaisuwar nan. Ƙarfe ne, ba shi da iyali.”

“Ke ce iyalinsa. In na ce ya iyali, ke nake tambaya.”

Ba ta yarda ba. Sai na fito da makamin da bai taɓa ba ni kunya ba: na daina cin abinci. Ta dama fura, na ce na ƙoshi. Ta yi dambu da zogale, irin wanda mai sunanta ke yi, na juya wa kwanon baya, hanjina na kuka kamar ana yanka akuya. Mutumin da ya gagari kububuwa ba dambu ne zai kayar da shi ba. Ita ce ta faɗi. Ta shiga ɗakin taki ta daɗe, ta fito ido jawur.

“Na yi, Baba. Na karya masa ƙa'ida saboda kai kaɗai. Amma ka riƙe wannan: in ka fara, sai ka gama. Ko gobara ake yi, ka danna koren nan kafin ka tashi.”

Na ce, “Yaushe na taɓa fara magana ban gama ba?”

Ɗayyabu ya ce a rubuta cewa shi tun yarinta yake jiran ranar da zan gama ɗaya. Na ba shi izini, don a san ni mai adalci ne.

Jama'a, na sha daɗin wannan sarauta. In na zauna gaisuwa, wayoyin fadama duk sai su sandare. Ka ji samari daga nesa suna cewa, “Tsoho ya hau, a jira.” Wani lokaci da gangan nake ƙara “ya kwanan shanu”, alhali na san Tilo ko kaza ba shi da ita. Hakimi ma ba a yi masa irin wannan tsayuwa.

Ranar da ciwon ajali ya kama shi, na zauna da hantsi a bakin tafkin da ruwa ke taruwa, na fara gaisuwa. A lokacin famfon Ɗayyabu ne a buɗe, yana shayar da albasa. Na kai “ya iya”, saura “li”, sai na hango akuya cikin tumatirina. Akuyar Ɗayyabu ce, a rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Na zabura, waya ta zame daga cinyata, ta ce “cuɓul”. Ta mutu nan take, ba ta yi wa kowa ban kwana ba. Wayar da aka kashe da hannu takan sanar da Tilo cewa ta tafi. Wadda ta nutse kuwa ba ta samu zarafi ba. Shi dai a saninsa, dattijo na nan a bakin ƙofa yana neman harafi.

Ni kuwa da na gama da akuya, sai na ce tunda yau kasuwa ce, bari in je Makarfi in sayo sabuwar waya. Kore ko ja, babu wanda ya faɗo mini a rai. Na yini a rumfar masu rake ina ba da labarin yadda fadama ke tsayawa in na yi gyaran murya. Ban san gaskiyar da nake faɗa ta kai haka ba.

Tilo ya tsaya. Masu neman ruwa suka yi ta ƙwanƙwasawa, layi ya cika a waje har aka fara korar na baya. Famfon Ɗayyabu bai samu umarnin rufewa ba, albasarsa ta koma gonar shinkafa, har kwaɗi suka zo ganin gida. Sauran gonaki kuwa rana na gasa su, tumatir ya sunkuyar da kai kamar surukin da aka kama yana cin abinci a tsaye. Aka buɗe ɗakin taki, aka tarar fitilarsa na ci, fanka na “firrrr”, babu “ƙyas” ko ɗaya. Lafiyarsa ƙalau. Ladabi ne kawai ya riƙe shi.

An kira Uwata, tana wurin aiki, waya a kashe. Nan Yahuza mai injin niƙa, wanda ya yarda cewa duk ciwon duniya yunwa ce, ya duba ya ce, “Solar nan ce ba ta ƙosar da shi. Ku ba ni wuri.” Ya jawo wayar wuta daga janaretansa, ya ɓare bakinta da haƙori, ya cusa wa bawan Allah kai tsaye. Na iso daidai lokacin, sabuwar waya a aljihu, rake a kafaɗa. Kalmarsa ta ƙarshe a kunnena ta faɗa.

Ya ce, “Ɗas.”

Ba na zargin Yahuza. Da niyyar alheri ya yi, kuma an san likitan da ya saba da dutsen niƙa hannunsa na da nauyi. Da yamma na samu Uwata a sabuwar wayar. Na zayyana mata komai, na fi ba akuya ƙarfi. Ta ce da an kashe shi an sake kunnawa kawai, da ya warke. Sai ta yi tambaya ɗaya.

“Baba, ka danna koren?”

Na ce, “Wato, ita akuyar nan...”

Ta ce, “To.” Ta ajiye.

Wannan “to” ɗin ya fi saran kububuwa. Na kira har yatsana ya gaji. Wayar na shiga, ba a ɗauka. Na aika gaisuwa ta hannun direban motar tumatir, ya dawo ya ce ta amsa, ta ce a gaida mutanen gida. Mutanen gida! Ni da nake ɗora ta a wuya in kai ta kallon ana loda rake, yau na zama mutanen gida.

Duk da haka ina so a san matsayina. A faɗin Makarfi da Ikara da Kudan, a nuna mini mutum ɗaya da aka taɓa tsayawa jiransa har rai ya fita. An yi sarakuna, an yi attajirai, babu wanda ya samu. Ni na samu. Sai dai na lura, wannan irin girma ba a miya da shi, kuma ba ya ɗaga waya.

Ga tsarin jana'iza.

Na tuntuɓi liman, ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, ya kuma ce in ji tsoron Allah in daina ɓata wa mutane lokaci. Na karɓi rabin farko. An yi wa marigayin sutura da sabon buhun taki, an kwantar da shi a zaurena. Masu sayen ƙarfe da ke ta zarya a ƙofar gida da ma'auninsu, su sani ƙanena ba na kilo ba ne.

Za a karɓi gaisuwa a zauren, bayan la'asar. Mai zuwa ya gajarta: ya yi sallama, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tashi. Duk wanda ya kai “ya iyali” za a rufe masa ƙofa, don girmama tarbiyyar mamaci. Sadaka kuwa akwai albasar Ɗayyabu, wadda ta sha wanka fiye da kima, kowa ya zo da buhunsa da kuma toshiyar hanci. Yahuza zai iya zuwa, amma ya bar janareta a gida.

Ranar binnewa ba a sa ba. Ba a binne ɗa uwarsa ba ta gan shi ba. Wataƙila ma in ta buɗe cikinsa ta tarar da sauran abin da za a ceta, don na ji ta taɓa cewa tarbiyyar tasa tana da kwafinta a wani wuri. In Allah ya sa aka samu magaji, na yi alkawari a gaban Ɗayyabu, wanda ba ya manta abin da zai kunyata ni: ƙofata za ta zama kamar ta kowa. In na yi nawa, a rufe. Gaisuwar kuma zan riƙa ajiye ta har mai ita ta zo, in yi mata baki da baki.

Kafin nan, ba zan zauna in sandare a ƙofa ɗaya kamar yadda na sa shi ya yi ba. Aikinsa na asali na ɗauka. Da bokiti nake zagaya tumatir, nawa da na maƙwabta, in ba wannan in wuce wancan. Amma kowane zagaye sai na ɗaga kai na leƙa hanyar Makarfi, ko akwai acaba mai tahowa.

Ɗayyabu ya ce takarda ta ƙare, kuma tun da aka haife ni ban taɓa gama magana da kaina ba. To ya buɗe kunne, ya rubuta wannan daidai, ba gaisuwa, ba akuya.

Uwata, kin faɗa, ban ji ba. Ki zo gida.

Shi ke nan.